Shafi Uku Da Ba Mai Iya Karantawa Sai Ni

Litinin, 13 ga Mayu 1985, bayan la'asar

Sun tafi da Zouéra.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna, ina tsakiyar darasin kimiyya, Direkta ya shigo da jandarma biyu ya ce kowa ya juye jakarsa a kan tebur, wai an tsinci takardun yajin ɗalibai a bayan gidan lakwal, makarantarmu. Ko ƙyallen takarda ba su samu ba. Abin da suka samu shi ne kayenta, littafin da take yi mini aikin Slobanci a ciki. Jandarman ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce wannan wane irin rubutun asiri ne. Na ce harshen Slobeniya ne, can cikin Yugoslabiya, ni nake koya wa yara tara da gwamnati ta zaɓa za ta tura karatu Ljubljana, takardar izini ma tana ofishin Direkta. Na waiga ga Direkta ya gaskata ni, sai ya duƙa yana gyara igiyar takalmi. Takalmin nan ba shi da igiya, na duba.

Jandarman ya ci gaba da bin layi da yatsa kamar mai tsince shinkafa, har yatsan ya tsaya. Ya karanta da ƙarfi: Iliassou. Yayanta ke nan, ɗalibin jami'a a kudu, wanda suke nema tun da aka watse yajin. Suka sa ta gaba. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce wa ta kusa da ita ta kai wa gwaggonta jakar.

Talata, 14 ga Mayu, da rana

Na shiga ofishin Direkta. Ya ce, "Kamarad Saley, kai baƙo ne a ƙasar nan, kwantaragi ya kawo ka. Ka kama kanka."

Baƙo. Ranar da takarda ta zo daga Cotonou tana neman wanda ya san harshen, aka rasa mutum ɗaya a duk arewacin Benin sai ɗan Dogondoutchi da ya sha sanyi shekara shida a Ljubljana, ai ban zama baƙo ba. Ranar nan rungume ni ya yi a gaban tuta, ya ce ni ne gadar zumuncin ƙasashe. Wata bakwai ina koyar da yaran nan bayan an tashi, bayan sun gama noman gonar lakwal, da ƙasa a farcensu suke riƙe bik. Bai taɓa leƙo mu ba sai ranar da za a ɗauki hoto.

Na ce masa Zouéra ce ta ɗaya a ajin. Ya ce juyin juya hali ba ya duba maki. Na fita ban ce a shirye muke ba, kamar yadda doka ta ce a riƙa rufe magana, ina jin sa yana kirana ban waiga ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Ba a sake ta ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan magariba

Sun kira ni. Ofishin nan na bayan kasuwa, ba sai na rubuta sunansa ba. Kumandan mutum ne siriri mai ladabi, har kujera ya ja mini. Ya buɗe kayen a shafin da suka naɗe, ya ce, "Mushe, sunan Iliassou sau shida, sunan Partago sau ɗaya. Mun je Partago, mun birkice gidajen danginsu, ba kowa. Saura abin da ke tsakanin sunayen, shi ne ba mu iya karantawa. Shafi uku ne kawai."

Na karanta masa. Na ce labarin ƙuruciya ne, yadda yayanta ya goya ta a keke ya kai ta cin kasuwar Partago, ya saya mata rake, ruwa ya dake su a hanyar dawowa. Har ni kaina labarin ya ba ni sha'awa. Ya rubuta duka, ya sa na sa hannu, ya raka ni bakin ƙofa.

Na tambaye shi yaushe za a sake ta. Ya ce da zarar komai ya fito fili.

Jumma'a, 17 ga Mayu, bayan sallar Jumma'a

Hajo ta ce, "Malam, ka ƙona wannan littafin naka, ba ka ga abin da rubutu ya jawo ba?" Matata tana da gaskiya, amma in ban rubuta ba bango zan naushi, kuma gidan haya ne. Sunayen da ke ciki duk sun riga sun san su. Wurin da ba su sani ba, ba zan rubuta shi ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Gwaggonta Tasalla, wadda Zouéra take zaune a wurinta nan unguwar Titirou, ta zo har tsakar gida ba sallama. Ita ke kai mata abinci. Ta ce ɗaki ɗaya ne, mata goma sha ɗaya, rufi yana yoyo, kuma ciwon ƙirjin yarinyar ya tashi, tana numfashi kamar zuga-zugi. Ta dube ni ta ce, "Mushe, da Faransanci bai ishe ta ba? Sai da ka ƙaro mata yaren da za a ɗaure ta?"

Na buɗe baki zan ce bursin karatu ne, likita za ta zama. Na rufe.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe biyar

Ajin Slobanci: mutum uku cikin tara. Su ma sun zo ne su gaya mini iyayensu sun ƙone kayensu. Na ce su tafi gida. Na zauna ni kaɗai a gaban allo har mai gadi ya zo rufe ƙofa.

Ba a sake ta ba.

Talata, 21 ga Mayu, ɗaya ga azumi, da rana

Tun jiya nake kewaye-kewaye, bari in faɗa. Laifina ne.

Ni na ce musu kowa ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi a mako, gaskiya tsirara, ba labarin littafi ba. Haka tsohuwar da na yi haya a gidanta a Ljubljana ta koya mini, ta ce harshe ba ya kama mutum sai ya faɗi abin da ke cin ransa da shi. Da yaran suka yi jim, sai na yi dariya na ce, ku saki jiki, daga nan har bakin teku ba mai iya karanta wannan sai ni. Na faɗa ina taƙama, har da buga ƙirji.

Kuma na ga shafukan nan kwana huɗu kafin a kama ta. Na karanta yadda ta je gida Djougou aka kai ta ta ga yayanta, ƙafarsa a karye tun dukan da suka sha, an ɗaure da kara, yana kwance a wani wuri, da kwatancen hanyar wurin tiryan-tiryan. Mai hankali yage shafin zai yi ya tauna ya haɗiye. Ni me na yi? Na ji daɗin yadda jimlolinta suka tsaya cak, na ɗauki jan bik na rubuta zelo dobro, wato ya yi kyau ƙwarai, na ba ta sha takwas bisa ashirin, na mayar mata. Wai ni malami. Jaki ma da ya ga rami yana kaucewa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa. To ni na ja, ita ake duka.

Alhamis, 23 ga Mayu, bayan azahar

Sun sake kirana. Yau ba kujera.

A kan teburin Kumandan akwai takardun nan goma sha biyu da na buga wa yara a injin lakwal, jerin kalmomin Slobanci da ma'anarsu da Faransanci. Ni na tsara su, har na bi haruffa don a sami sauƙin nema. Ya ce kwana biyar ya yi yana bin shafukan kalma kalma. Ya karanto mini abin da ya tsinta: ƙafa, jini, shanu, rafi, tsoro. Ya ce, "Mushe, na nemi keke ban gani ba. Na nemi rake ban gani ba. Ko dai ƙamus ɗinka ne ke ƙarya?"

Ɗan hakin da ka raina.

Ya ce bai iya haɗa kalmomin su zama hanya, shi ya sa har yanzu yake bukatata. Ranar Jumma'a bakwai ga watan gobe mota za ta kwashi waɗanda ke tsare zuwa kudu, kuma wanda ya shiga motar nan ba ya hannunsa kuma. In na karanta daidai kafin ranar, yarinya ta koma gida. In ban karanta ba, ta shiga mota. Ya ce ni ba zai taɓa ni ba, bai son rigima da ƙasar maƙwabta. Da ya kulle ni da ya fi mini.

Jumma'a, 24 ga Mayu, da safe

Ba a sake ta ba. Tasalla ta ce jiya ba ta iya shan ko kunu ba.

Asabar, 25 ga Mayu, kafin shan ruwa

Na je wurin limamin unguwa, na je wurin wani ɗan kasuwa da aka ce yana cin abinci da manya, na je wurin shugaban kwamitin unguwa. Liman ya ce a yi addu'a. Ɗan kasuwa ya ce in dawo bayan Sallah. Shugaban kwamiti ya tambaye ni ko katin zamana bai ƙare ba. Duk garin Parakou kowa ya zama kurma rana ɗaya, amma in ka wuce sai ka ji ana cewa ga mushen nan.

Na dawo na yi wa Hajo tsawa a kan gishirin miyar jiya. Ta ɗauke kwanon kawai.

Lahadi, 26 ga Mayu, da yamma

Na dawo daga Djougou.

Tun daga tasha wani mai shuɗiyar riga ya shiga motarmu, ya sauka inda na sauka, ya zauna a gindin mangwaron da ke kallon ƙofar Alhaji Badamasi. Da ma akwai wani a wurin, suka gaisa kamar masu canjin aiki.

Alhaji Badamasi, mahaifinsu, falken goro ne tun kakanni. Ya karɓe ni a zaure cikin huhunan goro. Azumi, ba ruwan da za a kawo wa baƙo, sai muka zauna muna kallon juna. Na gaya masa komai, har da jan bik. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai ya ce, "Mushe, ƙaddara ta riga fata."

Na ce a ɗauke yaron daga wurin, a tsallaka da shi Togo, in ya so in karanta musu su je su tarar da bukka wayam. Ya nuna ƙofa da haɓa. Ya ce duk wanda ya fita gidan nan da inuwa biyu yake tafiya, har yaran da ake aike. Ya ce ya riga ya aika ta bakin mai tallan nono, amsa ta dawo cewa ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kama shi, maɗori ya ce ko a jaki aka ɗora shi ƙafar ta tafi, wataƙila da ran. Kuma akwai shinge a kowace mararraba.

Ya ce in ba shi mako guda ya yi tunani. Daga cikin gida ina jin muryar mace tana kuka ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ce da ita ta yi shiru.

Talata, 28 ga Mayu, da rana

Direkta ya aiko a karɓi makullin ajin Slobanci. Wai za a zuba takin gonar lakwal a ciki. Na ba ɗan aiken makullin na ce ya gaya masa taki ya sami ɗan'uwa a lakwal ɗin nan.

Laraba, 29 ga Mayu, da safe

Ba a sake ta ba.

Jumma'a, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Saura mako. Tasalla ta ce sau biyu Zouéra ta suma, matan ɗakin suka yi ta buga ƙofa, aka ce musu asibiti sai da sa hannun Kumandan. Ta ce yarinyar ta ba ta saƙo gare ni, kalma biyu da yaren, ta yi ta maimaita su a hanya don kar ta manta. Ta faɗe su a karkace amma na gane. Ne berite. Kada ka karanta.

Tasalla ta ce, "Me ta ce?" Na ce gaisuwa ce.

Yarinya 'yar shekara sha takwas, ba ta iya numfashi, tana ba ni umarni. Ni kuwa ƙato da gemu ina zaune ina jiran wani tsoho ya yanke mini shawara. Haushin kowa nake ji, har da ita.

Lahadi, 2 ga Yuni, da yamma

Djougou kuma. Zauren nan, huhunan nan. Alhaji ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Mushe, aikinka karatu ne. Ka karanta musu abin da ke rubuce."

Na ce Alhaji, ka san abin da kake cewa? Ya ce ya sani. Ya ce Iliassou namiji ne, shi ya zaɓi hanyarsa da idonsa buɗe, in sun kama shi ko ba komai za su kai shi wurin likita don su samu su yi masa tambaya. Ita kuwa in ta shiga motar nan ba za ta ga Sallah ba.

Na ce to ga su can gindin mangwaro, taku ashirin ne, ka fita ka gaya musu da bakinka, ka fi ni sanin hanyar. A nan ne ya ɗago. Ya ce, "Uwarsu tana cikin gidan nan. Ita ma Zouéra nan za ta dawo. Kai baƙo ne, Mushe, gobe ka tattara ka koma ƙasarku. Ni a gidan nan zan mutu, a hannunsu." Ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Don Allah kada su sani."

Kowa ya tashi yanka sai ya tuna ni baƙo ne. Na fizge hannuna na fito ko sallama ban yi ba. A mota wani ya taka mini ƙafa, saura kaɗan in karya azumi a kansa.

Litinin, 3 ga Yuni, da safe

Ban je lakwal ba.

Talata, 4 ga Yuni, da rana

Ban je ko'ina ba. Hajo ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake, ta ce, "Malam, kowanne ka yi za su tsane ka. Ka yi wanda za a rage gawa."

Laraba, 5 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je. Na karanta musu daidai. Minti tara ya ɗauka.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan azahar

An sake ta. Tasalla da wani mai mota suka ɗauke ta ranga-ranga, asibiti tukuna, daga nan Djougou.

Iliassou kuma jiya da la'asar suka kama shi. An ce a bayan mota suka shimfiɗe shi da karan ɗorin da komai, suka haɗa da maɗorin, tsohon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba wanda ya san inda aka kai su.

Jumma'a, 7 ga Yuni, da hantsi

A gaban tuta, a gaban ɗalibai ɗari shida, Direkta ya kira sunana ya ce a tafa wa Kamarad Saley da ya taimaki juyin juya hali. Suka tafa, don dole ne. Yaran ajina takwas suna layin gaba, hannuwansu na tafi, idanunsu na ƙasa. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.

Bayan an watse ya ba ni takarda. An dakatar da bursin Ljubljana sai abin da hali ya yi, kwantaragina kuma ba za a sabunta ba.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Hajo ta ce kada in je Djougou. Na je.

Ba kowa a gindin mangwaro yau. Alhaji ya sa aka fito da ita zaure, aka jingina ta da bango a kan tabarma. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Uwar ba ta fito ba. Alhaji ya zauna tsakaninmu yana jan carbi, yana ta cewa an gode Allah, an gode Mushe da ya zo dubiya.

Zouéra ta gaishe ni da Hausa, yadda ya kamata. Sannan ta juya harshe. A hankali take magana, tana tsayawa ta ja numfashi, kuma ko kuskure ɗaya ban ji ba. Ta ce ba sai ta tambayi wanda ya karanta ba. Ta ce saƙonta ya iso ni? Na ce ya iso. Ta dubi mahaifinta, shi kuma yana murmushin wanda ake yare a kansa. Ta ce abu ɗaya take son sani, kuma in ba ta gaskiya tsirara. An ce mata sau biyu na zo gidan nan.

Je oče vedel? Da sanin Baba?

Carbin ya tsaya. Bai san kalma ko ɗaya ba, amma ya tsaya.

Na ce mata a'a. Na ce ya roƙe ni kada in karanta, ni na ƙi ji, don na ji tsoron kada a kore ni daga aiki. Na faɗa da harshen da na koya mata, ina kallon cikin idonta, don ta yarda.

Ta yarda. Na ga lokacin da ta yarda.

Alhaji ya ce, "Me kuke cewa ne haka?" Ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa ta ce, "Ba komai, Baba. Mushe zai tafi ne, kada mota ta bar shi."

Ya raka ni ƙofa, ya cusa mini ƙullin goro a aljihu. Ban karɓa ba, ban kuma mayar ba. Har na kai kwana ina jin tarinta, da muryarsa yana cewa sannu, uwata, sannu.